YARO NA KOWA NE: A KOYA WA MANYA TSARE AMANAR YARA A OGBETE

Daga Wakilinmu

Duk Bahaushen da ya zauna a Inugu ya san Ogbete, unguwar da ta tashi da ma'aikatan haƙar kwal, inda babbar kasuwar birnin take. Mutanenmu ba baƙi ba ne a garin. Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko. To amma abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, a wannan birni aka kafa wata babbar ƙungiyar kare yara ta Afirka.

A shekarar 1986 aka yi wani taron ƙasashe a Inugu kan bautar da ƙananan yara da aikin ƙarfi. A wurin taron nan aka haifi ƙungiyar ANPPCAN, mai yaƙi da cin zarafin yara da yin sakaci da su, wadda hedkwatarta take Nairobi ta ƙasar Kenya. Farfesa Peter Ebigbo na Jami'ar Nijeriya ya kasance cikin jagororinta.

Tun daga lokacin dokoki sun biyo baya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta amince da ita a 1991, sannan ta yi tata dokar a 2003. Dokar ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ta kuma hana sa yaro bara ko haya da shi don talla.

Sai dai doka ba ta shiga ɗaki. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, da yaro 1 cikin 10, an yi musu lalata. Galibi kuma wanda ya aikata ba baƙo ba ne, wanda yaron ya sani ne: maƙwabci, ko ɗan'uwa, ko malami. Wannan ne ya sa masana suka ce manya ya kamata a fara koya wa, domin ba a ɗora wa ɗan shekara bakwai nauyin kare kansa daga mai gemu.

Me ake koyarwa? Abu na farko shi ne gane alama. Yaron da ya saba wasa ya koma shiru, ko ya soma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi a aike shi wani shago, ko aka ga kuɗi a hannunsa ba a san inda ya samu ba, wannan yaro yana magana ne ba da baki ba.

Na biyu, sauraro. In yarinya ta buɗe baki ta faɗa wa uwarta abin da ya same ta, kada a dake ta, kada a ce ta jawo wa gida abin kunya. A zaunar da ita, a gaskata ta, a gaya mata ba laifinta ba ne. Wadda aka daka yau, gobe ba za ta sake faɗa ba.

Na uku, gaggawa. In lalata ce, a kai yaron asibiti nan take, kafin a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa. Maganin rigakafin cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara sha cikin awa 72. Bayan nan a kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin jin daɗin jama'a. A Inugu akwai ƙungiyar WACOL, wadda Farfesa Joy Ezeilo ta kafa, tana ba mata da yara taimakon lauya.

A nan ne namu cikas yake. Zaman baƙunci ya sa mun saba kashe wutarmu a cikin gida, kada masu gari su ji. Rigimar kasuwa ko ta haya, wannan daidai ne a sasanta a gaban Sarkin Hausawa. Amma in an ɓata yarinya, aka biya 'yan kuɗi aka ce a rufa asiri, to asirin mai laifi aka rufa, kuma gobe 'yar wani zai taɓa. Haka abin yake a Anacha, haka yake a Fatakwal.

Ana kuma koyar da bambancin horo da azaba. Ba wanda ya ce kada a tsawata wa yaro. Amma ƙona hannu, da ɗauri, da hana abinci, da dukan da ke barin tabo, waɗannan ba tarbiyya ba ne.

Sannan ga talauci. Uwar da ta ɗora wa 'yarta farantin talla ta tura ta tasha har bayan magariba, sau da yawa ba son ranta ba ne. Cikin hanyoyi bakwai da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokanta suka fitar a 2016 don kawar da cin zarafin yara, akwai tallafa wa iyaye da ƙarfafa abin shigar gida. Mu kuwa muna da adashi da zakka tun kafin nan. In aka ba bazawara jari, 'yarta za ta sauke farantin ta tafi makaranta.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa, da limamai, da malaman allo da na Islamiyya, da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, su gayyato masana lafiya da na shari'a su koyar da jama'a da harshen Hausa, maza daban, mata daban. Kowace unguwa ta ware dattijo da dattijuwa amintattu waɗanda yaro zai iya zuwa wurinsu ba tsoro.

Hausawa suka ce ɗa na kowa ne. In haka ne, to kukansa ma na kowa ne. Allah ya shirya mana zuriya, amin.