Wa Ya Biya Kuɗin Solar Da Ke Kan Rufin Maƙwabcinku?

Shekara goma sha biyar da suka wuce, idan kuka ga faifan sola a unguwa, to ko dai asibiti ne ko gidan wani hamshaƙin mai kuɗi. Yau mai cajin waya a bakin titi yana da nasa, mai sayar da ƙanƙara yana da nasa, masallatan unguwa da dama sun kafa. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Ranar dai ita ce, ba ta ƙara zafi ba. Abin da ya karya farashin shi ne kuɗin da wasu gwamnatoci suka zuba, kuma yawancinsu suna nesa da mu ƙwarai. A wannan makon mun bi sawun waɗannan kuɗi, domin irinsu sun fara shigowa ƙasar nan, kuma wani kaso mai yawa daga cikinsu bashi ne da ku za ku biya idan kun girma.

Idan aka ce fasaha mai tsafta, ana nufin duk wata dabara ta samar da wuta, ko sufuri, ko girki, ko sarrafa shara, wadda ba ta turnuƙe sama da hayaƙi: sola, fankar iska mai ba da lantarki, mota mai batir, murhu mai cin itace kaɗan. Kamfanonin da ke wannan harka 'yan kasuwa ne kamar kowa, riba suke nema. To me ya sa gwamnati za ta ba su tallafi?

Amsar tana cikin lissafi. Janareta ba shi da tsada a ranar saye, amma kullum sai ya sha mai. Sola kuwa duk tsadarsa a rana ɗaya take zuwa: faifai, batir, inbata, waya, kuɗin mai haɗawa. Bayan nan hasken rana kyauta ne, kuma faifai mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki. Matsalar ita ce wa zai ba ka wannan kuɗin na ranar farko. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗora wa mai karɓar rance, kuma suna son kuɗinsu cikin 'yan shekaru kaɗan. Ga shi kayan da dala ake sayo su, dalar da ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Kamfanin da zai kai wuta ƙauye yana karɓar kuɗin wuta kaɗan-kaɗan daga manoma, bashi zai murƙushe shi tun kafin ya ga riba. Wannan gibin ne tallafin gwamnati yake cikewa.

Jamus ce ta fara nuna yadda ake yi. A shekarar 2000 majalisarta ta yi wata doka mai sauƙin fahimta: duk wanda ya kafa sola a rufin gidansa ko gonarsa, dole kamfanin wuta ya sayi lantarkin da ya samar, a kan farashi tsayayye mai tsoka, har tsawon shekara 20. A farko farashin ya kai kusan rabin yuro a kan kowane yunit guda na wuta, wato ninkin-ba-ninkin kuɗin wutar da ake samu daga kwal. Gwamnati ba ta sayi faifai ta raba wa kowa ba. Alkawari kawai ta yi, amma alkawarin da manomi zai iya ɗauka ya kai banki a ba shi rance. Nan da nan manoma da magidanta da ƙananan kamfanoni suka rufe rufin gidaje da rumbuna da faifai. Kuɗin da ake biyansu kuwa an ɗora shi ne a kan takardar kuɗin wuta ta kowane gida, kuma Jamusawa sun ji a jikinsu, har sai da aka soke wannan ƙarin a 2022.

Ga inda labarin ya yi kwana. Masana'antun ƙasar Sin sun hango wannan kasuwa, gwamnatinsu ta ba su rance mai rahusa da filaye, suka gina manya-manyan masana'antu. Duk abin da ake ƙerawa da yawa sai ya yi araha, domin ana ƙara ƙwarewa kuma ana rage asara. Farashi ya ruguzo, ya danne kamfanonin Jamus ɗin da kansu. Q-Cells, wanda a wani lokaci ya fi kowa ƙera ƙwayoyin sola a duniya, ya durƙushe a 2012, wani kamfanin Koriya ta Kudu ya saye shi. SolarWorld ya bi bayansa a 2017. Yau sama da kashi 80 cikin 100 na aikin ƙera faifan sola a Sin ake yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana. Sai dai a wannan karon har da mu a cikin masu karɓa, domin faifan da mai cajin wayar unguwarku ya saya da araha, magidancin Jamus da ma'aikacin Sin ne suka share masa hanya.

Amurka ta bi wata hanya daban, wato zaɓar kamfani a tsaya masa. A 2009 gwamnatin Obama ta tsaya wa wani kamfani mai suna Solyndra ya sami rancen dala miliyan 535. Kamfanin yana ƙera wani irin sola mai siffar bututu wanda ba ya buƙatar silikon, sinadarin da ake yin faifai na yau da kullum da shi, kuma a shekarun da kamfanin ya fara aiki silikon yana da tsada sosai. Sai farashin silikon ya faɗi warwas. A 2011 Solyndra ya rufe, ma'aikata kusan 1,100 suka rasa aiki, mafi yawan kuɗin jama'a ya bi ruwa. A garin da Solyndra yake, Firimon ta jihar Kalifoniya, akwai masana'antar wani kamfanin da shi ma ya karɓi rancen gwamnati, dala miliyan 465 a 2010. Sunansa Tesla, mai ƙera motoci masu batir. Ya biya bashinsa kaf a 2013, shekara tara kafin wa'adi. Ma'aikata ɗaya ce ta ba da rancen biyu. Masu sukar tallafi Solyndra suke ambata, masu goyon baya kuma Tesla. A ganinmu duk wanda zai sa kuɗi a sabon abu dole wani ya faɗi masa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce nawa aka ɗora a kan kamfani ɗaya, kuma wa ya duba lissafinsa kafin a sa hannu.

Mu dawo gida. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 85 a Nijeriya ba su da wutar lantarki, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Hukumar da aka ɗora wa alhakin kai wuta karkara ita ce REA, kuma ta gwada hanyoyi fiye da ɗaya.

Akwai inda gwamnati ta gina da kanta. A watan Disamban 2017 Nijeriya ta sayar da takardun lamuni na musamman domin ayyukan kare muhalli, ta tara naira biliyan 10.69, kuma shirin samar da wuta a jami'o'i yana cikin waɗanda suka amfana. A ƙarƙashin wannan shiri ne aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Satumban 2019. A Janairun 2023 kuma aka ƙaddamar da wata mai megawat 10 a Kumbotso. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta gina mai megawat 30 a Goru Banda kusa da Yamai, da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai.

Akwai kuma inda gwamnati ta share fage kawai. A 2018, a kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda kusan kowane layi yake da janaretansa da hayaƙinsa, hukumar ta ƙidaya shaguna, ta auna yawan wutar da kowa yake buƙata, ta daidaita da shugabannin kasuwa, sannan wani kamfani mai zaman kansa ya zo da jarinsa ya kafa faifai, 'yan kasuwa suna biyan kuɗin wutar da suka sha. An bi irin wannan tsari a kasuwar Ariyariya ta Aba da ta Sura a Legas, ko da yake a can ba da sola aka samar da wutar ba. Wannan ma tallafi ne, ko da yake ba a ga buhun kuɗi ba. Ga ɗan kasuwa, a ba shi izini da wuri kuma a tabbatar masa ba za a canja doka a tsakiyar tafiya ba, yana iya fin kyautar kuɗi daraja.

Hanyar da ta fi burge mu ita ce ta uku. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 350 domin wani shiri na kai wuta ƙauyuka, Bankin Raya Afirka ya ƙara miliyan 200. Wani ɓangare na kuɗin an ware shi ne ga kamfanonin da ke gina ƙananan tashoshin sola, irin waɗanda ke ba ƙauye ɗaya ko biyu wuta ba tare da an haɗa su da babban layin ƙasa ba. Sharaɗin shi ne: ka nemo kuɗinka, ka gina, ka ja waya zuwa gidaje, a zo a duba a ga wuta tana ci, sannan a biya ka. A farkon shirin ana biyan dala 350 a kan kowane gida ko shago da aka haɗa. Ku ɗauki biro ku lissafa: a ce ƙauye mai gida 400, kamfani zai karɓi dala 140,000. Wannan ba zai biya masa duka abin da ya kashe ba, amma zai rage masa nauyi har ya iya sayar da wuta a farashin da manomi zai iya biya. Sauran kuɗinsa kuwa sai wuta ta ci gaba da zuwa zai fanshe su, don haka in batir ya lalace shi ne na farko da barci zai ƙaurace wa. Tashar farko a wannan tsari an buɗe ta ne a ƙauyen Rokota na jihar Neja a Disamban 2019.

Ku kwatanta wannan da fitilun sola na kan titi da ake kafawa idan zaɓe ya gabato. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa tun ranar da ya kafa turaku, ya kama gabansa. Bayan wata shida ƙura ta rufe faifan, batir ya mutu ko ɓarayi sun kwance shi, babu wanda aikinsa ne ya gyara, domin babu wanda abincinsa ya dogara da fitilar. Kuɗin jama'a ne aka kashe a duka biyun, kuma duka biyun ana kiransu tallafa wa makamashi mai tsafta.

Shi ma tsarin biya-bayan-aiki yana da nasa aibin. Tunda sai ka gina za a biya ka, wanda yake da jari tun farko shi ne zai iya shiga. Matashin da ya gama kwalejin fasaha a Kazaure ko Kaduna, ya iya haɗa sola kamar me, amma ba shi da ko fili da zai ba banki jingina, yana kallo manyan kamfanoni, wasunsu na ƙasashen waje, za su kwashe aikin, shi kuma a ɗauke shi ɗan haɗa waya. Kuma kamfani yakan zaɓi ƙauye mai kasuwa da injin niƙa, inda za a sha wuta a biya, ya tsallake rugar da ta fi kowa talauci.

Wani zai ce ai kasuwa ce, a bar kowa ya ji da kansa. Sai mu tuna masa cewa janareta ma ya daɗe yana cin tallafi. A 2022 kaɗai Nijeriya ta kashe sama da naira tiriliyan 4 wajen sauƙaƙa farashin fetur, kuma duk litar da aka zuba a janareta tana cikin wannan lissafi. Da aka cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023, mai ya yi tashin gwauron zabi, mutane da yawa suka koma neman sola ba tare da kowa ya yi musu wa'azin kare muhalli ba.

A watan Disamban 2023 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 750 domin ci gaba da wannan aiki, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Wannan kuɗi rance ne mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. Kamfanoni za su karɓe shi a matsayin tallafi, amma ƙasa za ta biya shi a matsayin bashi, kuma lokacin da ake tsakiyar biya, ɗalibin da yake aji huɗu a sakandare yau ya riga ya zama magidanci mai biyan haraji. Haka kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu, wato nan gaba shawarar wa za a ba tallafi da yadda za a ba shi ba a Abuja kaɗai za a riƙa yanke ta ba, har da majalisar jiharku.

Ga aikin da muke ba ƙungiyoyin kimiyya na makarantu kafin fitowa ta gaba. Ku zaɓi titi ɗaya a garinku mai fitilun sola, ku je bayan magariba tare da wani babba, ku ƙirga turaku nawa ne, nawa ne ke ci. Ku tambayi mai unguwa wace shekara aka kafa su, wa ya kafa, kuma wa ake kira idan sun lalace. Sannan ku sami mai cajin waya ko mai ƙanƙara da ya sayi sola da kuɗin aljihunsa, ku yi masa tambayoyin nan guda uku. Ku rubuto mana amsoshin biyu a shafi ɗaya, da sunan makarantarku da ajinku.