Gandun Dajin Baxter da Dutsen Katahdin

A ƙasar Amurka akwai gandun daji iri biyu da ake keɓewa domin jama'a. Wasu na gwamnatin tarayya ne, wasu kuma na jihohi ne. A wannan darasi za mu duba ɗaya daga cikin na jihohi, wato gandun dajin Baxter da ke jihar Maine, can arewa maso gabashin ƙasar, kusa da iyakar Kanada.

A cikin wannan gandu akwai dutsen Katahdin, wanda ya fi kowane dutse tsawo a jihar. Tsawonsa ya kai kimanin mita 1,600. Sunan ya fito daga harshen Penobscot, mutanen da suka riga Turawa zama a yankin, kuma ma'anarsa ita ce "dutse mafi girma".

Yadda gandun ya samu abin lura ne. Percival Baxter ya yi gwamnan Maine daga 1921 zuwa 1925. Ya yi ta roƙon majalisar jihar ta sayi dutsen don a kare shi daga masu saran itace, amma ba su yarda ba. Da ya sauka daga mulki, sai ya sa kuɗin aljihunsa. A 1930 ya sayi dutsen da dajin da ke kewaye da shi daga hannun kamfanin takarda na Great Northern, a 1931 kuma ya ba jihar kyauta. Ya ci gaba da saye yana bayarwa har 1962, lokacin da filin ya wuce hekta 80,000. Sharaɗinsa shi ne a bar dajin yadda Allah ya halicce shi har abada. Saboda haka har yau babu kwalta a hanyoyin cikin gandun, babu wutar lantarki, babu ruwan famfo, kuma ba a shiga da karnuka. Dukiyar da ya bari da kuɗin da baƙi ke biya su ne ke tafiyar da wurin, ba harajin jama'a ba.

Hawan Katahdin ba wasa ba ne. Zuwa da dawowa kan ci awa 8 zuwa 12. Da farko mutum yana tafiya cikin itatuwa, daga nan sai itatuwa su ƙare, ya shiga hawan manyan duwatsu da hannu da ƙafa, ga iska mai sanyi. Akwai wata siririyar hanya a kan tozon dutsen da ake kira Kaifin Wuƙa, inda faɗinta a wasu wurare bai fi mita ɗaya ba, ga rami dama da hagu. A ƙolin dutsen ne kuma doguwar hanyar ƙafa ta Appalachian ta ƙare. Ta taso daga jihar Jojiya, ta ratsa jihohi 14, tsawonta kimanin kilomita 3,500.

Mai zuwa gandun ta kudu yakan bi ta wani ƙaramin gari, Millinocket. An kafa garin ne saboda masana'antar takarda ta Great Northern, wadda ta fara aiki a 1900. Ita ce alamar garin, ita ce kuma abincin mutanensa. Da aka rufe ta a 2008, ayyuka suka ƙare, matasa da yawa suka bar gari. Yanzu masu masauki da masu gidajen abinci sun dogara ƙwarai ga masu hawan dutse. Tun 2015 ake yin tseren gudun fanfalaki a garin cikin watan Disamba. Ba a biyan kuɗin shiga tseren, sai dai ana roƙon masu gudu su kashe kuɗinsu a shagunan garin.

Ke nan dajin da aka hana sara a 1931 yana cikin abin da ke riƙe da garin da aka gina domin saran itace.