Kilas Ba Aji Ba Ne

Ran da aka fara koya mana shirya aikin kwamfuta, na ji malam ya ce "kilas", sai na rubuta "aji" cikin littafina. Da na tafi gwajin koyarwa, haka na gaya wa yara, wai kilas taron abubuwa ne, kamar yadda aji ya ke taron 'yan makaranta. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in yara duka sun tafi hutu, kilas ya ɓace ke nan?" Na rasa amsa. Domin kada waninmu ya sha irin wannan kunya, ga abin da na gane daga baya.

Ku dubi katin sakamakon jarrabawa tun ba a rubuta kome a kansa ba. Akwai gurbin suna, da gurbin makin Lissafi, da na Turanci, da ƙa'idar haɗa jimla. Wannan zubi shi ne kilas. Ba sunan kowa a ciki, amma shi ke faɗin abin da kowane kati zai ƙunsa, da aikin da zai iya yi.

To, sa'ad da aka cika kati guda, aka rubuta Ladi, Lissafi 70, Turanci 55, an sami "objek" ke nan, watau abu ɗaya da aka fitar daga zubin. Katin Bitrus mai 40 da 80 wani objek ne dabam. Kadan ka nemi jimla wurin na Ladi, zai ba ka 125, na Bitrus kuwa 120. Ƙa'ida ɗaya ce, amsa ta bambanta. In an gyara makin Ladi, na Bitrus yana nan yadda ya ke.

Amfaninsa kuwa, kadan aka sake ƙa'idar haɗa jimla, wuri ɗaya za a gyara, watau cikin kilas, sa'an nan katunan duka su bi.

Waɗansu mutane biyu na ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su suka fito da wannan dabara cikin harshen kwamfuta mai suna Simula a 1967. Python, wanda ya fito a 1991, da Java na 1995, duk suna aiki da ita.

Na koma na gaya wa yarinyan nan, ko ba a cika kati ko ɗaya ba, zubin yana nan. Na kuwa gode mata a gaban 'yan'uwanta, gama tambaya rabin ilmi ce.