Abin da ya kamata ku sani game da gwajin ɗabi'ar ɓerayen bincike

Masana kimiyya kan cire ƙwayar gado guda ɗaya daga jikin ɓera don su ga abin da zai sauya, da fatan gane aikinta a jikin ɗan Adam. Wannan dabara ce ta sa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies suka sami kyautar Nobel a 2007. Auna nauyin irin wannan ɓera ko jininsa ba wuya. Aikin yana wurin auna tsoro ko mantuwa, tunda ɓera ba ya magana.

Yaya ake gwajin?

Don auna fargaba, akan ɗora ɓera kan wani dandamali mai siffar alamar tarawa, wanda aka ɗaga daga ƙasa. Hannuwa biyu suna da bango, biyu kuwa a buɗe suke. Cikin minti 5 ake lura da shi: matsoraci yakan lafe a jikin bango, mai ƙarfin hali ya fito fili. Don auna ƙwaƙwalwa kuma, akan saka shi cikin kwatarniyar ruwa mai duhu, a ga ko zai tuna inda aka ɓoye wurin tsayawa.

Ina matsalar take?

A 1999, John Crabbe da Douglas Wahlsten da Bruce Dudek suka gwada ɓeraye iri ɗaya a ɗakunan bincike 3: Portland da Albany a Amurka, da Edmonton a Kanada. Kayan aiki ɗaya, tsari ɗaya, lokaci ɗaya. Duk da haka sakamakon ya sha bamban. Wasu ɓeraye da aka cire musu wata ƙwayar gado sun fi 'yan'uwansu zirga-zirga a Portland, a Albany suka fi su sanyin jiki, a Edmonton kuwa ba a ga bambanci ba. Da ɗaki ɗaya ne ya yi gwajin, da ya rantse cewa aikin ƙwayar gadon ne.

Daga baya aka gano wasu dalilai. A 2014, binciken Jami'ar McGill da ke Montreal ya nuna cewa ƙamshin jikin namiji mai gwaji yana tayar wa ɓera hankali har ya rage nuna alamun jin zafi. Rigar da namiji ya kwana da ita ma ta isa. A Jami'ar Liverpool kuma, Jane Hurst ta nuna a 2010 cewa ɗaga ɓera ta wutsiya yana ƙara masa tsoro, saɓanin ɗaukarsa cikin ɗan bututu.

Me ake yi a kai?

Mataki na farko shi ne kowa ya auna da mudu ɗaya. Tsarin SHIRPA da aka fitar a Birtaniya a 1997 ya jera gwaje-gwajen daki-daki. Ƙawancen IMPC na ƙasa da ƙasa, mai burin gano aikin ƙwayoyin gadon ɓera kusan 20,000, yana amfani da zuriyar ɓera guda da ƙa'idoji guda a duk cibiyoyinsa.

Sai dai masani Hanno Würbel ya yi kashedi cewa tsananta daidaitawa na iya haifar da sakamakon da ba ya aiki sai a ɗaki ɗaya. Shawararsa ita ce a sauya wasu yanayi da gangan, ko a raba gwajin tsakanin cibiyoyi.

Saboda haka, in kun ji labarin an gano "ƙwayar gadon tsoro" a jikin ɓera, ku tambaya: ɗakunan bincike nawa ne suka maimaita gwajin suka sami abu ɗaya?