NOMAN WARDI A CIKIN TUKUNYA

Mutumin da ya ke zaune a birni, ko ɗan kasuwa ko akawu, sau da yawa ba shi da fili sai ɗan tsakar gida. Wani ma a gidan haya ya ke, ba shi da ikon haƙa ƙasar wani. Duk da haka akwai masu sha'awar fure, su kan sayi dashen wardi da tsada, su kawo gida su cusa a gwangwani, kafin wata uku ya bushe. Daga nan sai a ce ai wardi ba ya yi a ƙasar zafi. Ba haka ba ne. Ya kan yi, amma sai an tuna cewa itacen da ke cikin tukunya ba shi da wata gona sai tukunyar nan. Na lambu ya kan miƙa saiwa ya nemo ruwa da sanyi can ƙasa, na tukunya kuwa sai abin da mai shi ya ba shi.

Asalinsa

Wardi iri iri ne. Wanda a ke magana a nan shi ne mai fid da babban fure guda ɗaya a kan dogon reshe, wanda a ke kira wardin shayi. An same shi ta hanyar barbara tsakanin wardin Turai mai jimiri da wani wardi na ƙasar Sin mai yawan fure, wanda Turawa su ka ce ƙanshinsa kamar na ganyen shayi. Wanda aka fi ɗauka shi ne na fari sunansa La France, wani mai lambu Guillot ya fito da shi a Lyon ta ƙasar Faransa cikin 1867. Wanda ya fi suna kuwa shi ne Peace, watau Salama, rawaya mai baki ruwan hoda. Francis Meilland ya same shi a Faransa, aka ba shi wannan suna a Amurka cikin 1945, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai kuma Mister Lincoln na 1964, ja wur mai ƙanshi, amma dogo ne, sai babbar tukunya.

Wardin nan ya fi jin daɗi in zafi ya na tsakanin digiri 15 da 27 a ma'aunin Selsiyus. Shi ya sa Kenya, inda a ke nomansa da yawa a kai Turai, manyan gonakinsa su na wajen Tafkin Naivasha, wurin da ya ɗara ƙafa 6,000 bisa teku. Shi ya sa kuma ya fi yi a Jos, mai tudu wajen ƙafa 4,000, bisa ga Kano ko Sakkwato inda zafin Afrilu ya kan kai digiri 40. Mai shuka shi a irin waɗannan garuruwa, babban aikinsa shi ne ya sama wa saiwa sanyi.

Sayen dashe

Yawancin wardin shayi ɗan aure ne, kamar mangwaro ko lemo. A kan ɗauki idon mai kyaun fure a ɗora a gindin wani wardi mai ƙarfin saiwa. In aka duba ƙasan kara za a ga kumburi, nan ne mahaɗin. Mai saye ya nemi wanda mahaɗinsa ya warke sarai, mai rassa biyu ko uku kore shar, ganye ba tabo. Lokacin saye kuwa ƙarshen damina ne, don dashen ya kama cikin sanyi kafin bazara ta iso.

Tukunya da ƙasa

Tukunya ta kai inci 18 zurfi, faɗinta ma haka, watau wajen santimita 45. Ta yumɓu ta fi duka, gama ta na tsattsafo ta sanyaya abin da ke ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Garwa da rabin duro su na ɗaukar zafi har su dafa saiwa. Wanda ba shi da wani abu sai su, to, ya shafa musu farin fenti ko ya naɗe su da buhu.

Lalle a huda gindin tukunyar wuri uku ko huɗu, a kifa tsingaro bisa kowace huda don kada ƙasa ta toshe ta. A dā a kan ce a zuba tsakuwa da yawa a ƙasa; yanzu an gane wannan ba ya ƙara tsiyayewar ruwa, sai dai ya rage wa saiwa wuri. Sa'an nan a ɗora tukunyar bisa duwatsu uku kamar murhu. Ruwa ya sami hanyar fita ke nan, gara kuma ba ta shiga ba a gani ba.

Ƙasa kuwa a haɗa kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na takin shanu wanda ya ruɓe ya zama baƙi, kashi ɗaya na yashi. Ɗanyen taki ƙone saiwa ya ke yi. Laka zalla kuma riƙe ruwa ta ke yi, saiwa ta ruɓe. Wajen dasawa a bar mahaɗin nan a sama da ƙasa kamar inci ɗaya, a kuma bar inci biyu daga bakin tukunya don zuba ruwa.

Rana, ruwa da abinci

Wardi ya na son rana awa shida a yini, amma ta safe ta fi. A ajiye shi gabas da bango, hantsi ya same shi, inuwa ta rufe shi bayan azahar. Nan ne na tukunya ya fi na lambu, gama da bazara a na iya jan sa gindin itace, da sanyi a maido shi fili.

A ba shi ruwa da sassafe, a gindi, har sai ya ɓullo ta ƙasa. Kafin a ƙara, a tura yatsa cikin ƙasa gaɓa biyu. In da laima a dakata. Da bazara ya kan so kullum, wani lokaci har safe da yamma. Kada a zuba masa ruwan wanki ko mai kanwa, kada kuma a tara masa toka. Wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, waɗannan kuwa su na kashe tsamin, sai a ga sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai kore.

Da ya ke ban ruwa ya na wanke abincin ƙasa, sai a riƙa mayarwa. Kowane wata a barbaɗa takin zamani NPK cokalin shayi ɗaya zuwa biyu nesa da kara, bayan an jiƙa ƙasa. In zafi ya tsananta a tsai da shi. Bayan shekara biyu ko uku a juye tukunyar a sabunta ƙasa.

Yanka

Nan ne masu yawa ke kuskure, su na jin tausayin itacen. A Turai sanyi ya kan sa wardi ya huta. A ƙasar Hausa ba ya hutawa, in ba a yanka shi ba sai ya yi ta miƙewa siriri, fure ƙanana. Cikin Oktoba, da ɗaukewar ruwa, a sa wuƙa mai kaifi a cire matattun rassa da sirara da waɗanda su ka gitta juna. A bar uku zuwa biyar masu kauri, a rage tsawonsu zuwa ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi. A yanka a karkace, ɗan sama kaɗan da idon da ke duban waje, don tsakiya ta sami iska. Bayan mako shida zuwa takwas fure zai fito, daidai da hunturu, lokacin da ya fi girma da launi.

Furen da ya yanƙwane a yanke shi har zuwa ganyen fari mai 'ya'ya biyar, daga nan sabon reshe zai toho. Mai son sayarwa ga masu biki ko otal, ya cire ƙananan kawunan da ke gefe ya bar na tsakiya kaɗai, ya yanka da asuba sa'ad da ya fara buɗewa, ya tsoma a ruwa nan take.

Akwai abu guda da ba a yi wa jinkiri. In reshe ya fito daga ƙasan mahaɗi, na gindin aro ne. A tone a fizge shi daga tushe, in ba haka ba sai ya cinye abincin duka, mutum ya wayi gari da wardin daji a tukunyarsa.

Cuta da ƙwari

Da damina baƙin tabo ya kan kama ganye, ya yi rawaya ya zube. Ba ya kamawa sai ganye ya daɗe a jiƙe, don haka a raba tukwane su sha iska, a tsince ganyen da ya kamu a ƙone. Da rani kuwa darɓa ta kan taru a sabon toho, wasu 'yan mitsitsin ƙwari kuma su yi saƙa a bayan ganye. A wanke su da ruwa da safe, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma.

Wanda bai taɓa gwadawa ba ya fara da tukunya ɗaya wannan kaka. In ya fid da ita bazara lafiya, sa'an nan ya ƙara. Wanda kuwa tafiya ta yi masa yawa, ba kuma mai ba da ruwa a bayansa, gara ya riƙe kuɗinsa, gama da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.