Kwana 1,000 na farko: inda ake yanke tsawon yaro da basirarsa a Safo

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Safo da ke gundumar Madarounfa, kudu da birnin Maradi, damina lokaci ne na aiki da fargaba a tare. Daga watan Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa a kwarin Gulbin Maradi. A waɗannan watanni ne zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke haɗuwa a kan ƙananan yara. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, illar wannan lokaci kan bi yaro har ya girma.

Masana kiwon lafiya suna kiran wannan zango "kwana 1,000 na farko": kwana 270 na ciki, sai shekara biyu bayan haihuwa. A cikinsa ne jiki da ƙwaƙwalwa suke girma da saurin da ba za su sake yi ba.

Tun daga ciki

Kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu, aiki ya riga ya yi nisa. Cikin kwana 28 da shigar ciki, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yake rufewa, kuma a wajajen mako na shida zuciya take fara bugawa. Shi ya sa likitoci suke son mace ta fara shan ƙwayoyin ƙarin jini da wuri, ta kuma je awo tun watannin farko. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu.

Jaririn da aka haifa da nauyin ƙasa da kilo biyu da rabi ya shigo duniya da rauni. Sau da yawa tushen matsalar yana ga uwar: ba ta ƙoshi ba, jininta ya yi ƙasa, ko ita kanta ba ta gama girma ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma Maradi na cikin jihohin da abin ya fi yawa. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana shekara 15, jikinta da na ɗan tayin suna rabon abinci ɗaya, duk biyun kuma suna buƙatarsa.

Nono, yaye da rurrutsa

Lafiyayyen jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa a wata biyar, ya ninka shi sau uku a shekara guda. Tsawonsa kan tashi daga kamar santimita 50 zuwa 75. Abin da ke ɗaukar nauyin wannan girma a wata shida na farko shi ne nonon uwa zalla, ba ruwa, ba jiƙo. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu tsofaffi kan sa a matse a zubar, shi ne kariyar farko da jariri yake samu daga cututtuka.

Daga wata shida nono kaɗai ba ya isa, a nan ne yara da yawa suke fara komawa baya. Kunun gero tsararo yana cika ciki amma ba ya gina jiki. Abin gyaran kuwa akwai shi a yankin: gyaɗa, wake, ƙwai, madara, kifin tafkin Madarounfa, da zogalen da ake nomawa a Jiratawa. Wani haɗarin shi ne rurrutsa. Idan uwa ta samu sabon ciki tana goyo, akan yaye yaron farat ɗaya, wani lokaci a kai shi wurin kaka, ya rasa nono da uwa a rana guda.

Idan rashin abinci mai gina jiki da yawan ciwo suka daɗe, yaro yakan tsumbure, tsawonsa ya gaza na shekarunsa. Fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin wannan hali. Bayan shekara biyu, da wuya a maido da abin da aka rasa, kuma bincike a ƙasashe da dama ya danganta tsumburewa da raunin karatu da ƙarancin abin samu bayan an girma.

Abin da duniya ta koya daga Madarounfa

Wannan yanki ya ba da gudummawa ga ilimin ceton yara. A lokacin yunwar 2005, ƙungiyar likitocin ba da agaji ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maradi. An yi amfani da Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa, madara, mai da sukari da uwa za ta iya ba ɗanta a gida ba tare da an kwantar da shi ba. Yau hanyar ta zama ruwan dare a Afirka da Asiya.

A gundumar Madarounfa ne kuma cibiyar bincike ta Epicentre ta gwada rigakafin gudawa mai suna Rotasiil, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya ƙera don ya jure zafi. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna ya rage gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota da kusan kashi 67 cikin 100, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Iyayen karkara da suka kai jariransu gwajin suna da hannu a wannan nasara.

Rawar 'yan birni da 'yan ci-rani

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki a matsayin kyauta. A damina kuma ana rabon maganin kariya daga zazzaɓi wata-wata ga yara daga wata uku zuwa wata 59. Sai dai kuɗin mota, nisan hanya da jiran izinin maigida sukan hana uwa zuwa likita a kan lokaci.

A nan ne ɗan Safo da ke Yamai, Kano, Legas ko Agadez zai iya taka rawa. Idan ka aika kuɗi gida, ware wani abu don abincin mai ciki da mai goyo, musamman a tsakiyar damina. Idan ka kira waya, tambayi ko an je awo, ko an cika rigakafi. Ka kuma sa a auna damtsen yaro da zaren awo mai launi uku: ja, wato ƙasa da milimita 115, na nufin a kai shi cibiyar lafiya a ranar. Haka ma idan ƙafafunsa biyu suka kumbura.

Kuɗin suna da kayan biki ana iya rage su a rama wata shekara. Watannin da yaro ya yi ba ya samun abincin da ya dace kuwa ba a dawo da su, don haka ya kamata su zo farko a lissafin gida.