Gobarar Kariya da Darasin Zaɓen Abokin Ƙira

Da asubar ranar Asabar, 1 ga Fabrairun 1997, gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin Seiki a garin Kariya na ƙasar Japan. Abin da ake ƙerawa a wurin ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai daidaita ƙarfin man birki. Ba shi da tsada, amma kusan duk motocin Toyota da shi suke fita, kuma Aisin ne ke yin kusan dukkansa. Abin da ke ajiye bai wuce na kwana biyu zuwa uku ba, don haka layukan haɗa motoci suka tsaya cik.

Rashin ajiyar ba sakaci ba ne. Tsari ne da injiniya Taiichi Ohno ya kafa wa Toyota: kada a tara kaya a sito, a kawo kowane sashe daidai lokacin da ake bukatarsa. Mota ɗaya tana da sassa kusan 30,000, kuma mafi yawansu wasu kamfanoni ne ke ƙera su. Ke nan uwar masana'anta kullum tana fuskantar tambayoyi biyu. Wa za a ba wane aiki? Guda nawa zai yi, kuma yaushe zai kawo?

Tambayoyin nan ba sa rabuwa. In ka zaɓi mai araha amma injinansa sun cika da aikin wasu, jadawalinka ya rushe. In ka zaɓi na nesa, kuɗin dako da jinkirin hanya za su cinye ribar. A ce kaya na bi ta matakai 10, kowane mataki akwai kamfanoni 5 da za su iya yinsa. Hanyoyin haɗa su sun haura miliyan 9. Shi ya sa ake amfani da manhajar kwamfuta ta auna farashi, ƙarfin injina, lokacin kawowa, inganci da haɗarin katsewa, duk a lissafi guda.

Sai dai manhaja ba ta wuce abin da aka ba ta. In kowane kamfani ya ɓoye ainihin kuɗin da yake kashewa da yawan aikin da zai iya ɗauka, don tsoron kada a matse shi a ciniki, lissafin zai fito da kyau a takarda, ya gaza a aikace. Nan ne amana ke shigowa, kuma ita ta ceci Toyota.

Bayan gobarar, Aisin ya raba zanen ƙirar ƙarfen ga duk wanda zai iya taimakawa. Kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu, kimanin 60 daga cikinsu suka ƙera shi da kansu, har da Brother, mai yin keken ɗinki. Ba wanda ya tsaya sai an sa hannu a kwangila. Maganar biya daga baya aka yi ta. Cikin kusan mako guda aiki ya dawo. Shekarun da aka yi ana musayar injiniyoyi da bayanai ne suka sa hakan ya yiwu.

Girgizar ƙasar da ta auku a Japan ranar 11 ga Maris 2011 ta ƙara wani darasi. Ta lalata masana'antar Renesas da ke Naka, mai yin ƙananan na'urorin lantarki na mota, sai kamfanonin motoci da yawa suka gano cewa masu kawo musu kaya daban-daban duk a wuri ɗaya suke saye. Toyota ta ɗauki watanni kafin ta murmure. Daga nan ta tattara bayanan masu kawo wa masu kawo mata kaya, ta kuma nemi a riƙa ajiye irin waɗannan na'urori na watanni.

Masu masana'antu a Sharaɗa, Bompai da Challawa, da masu ɗinkin takalma da ke dogaro da majemi, su ma wannan zaɓen suke yi kullum. Araha ba ta ado. Kafin ku ba mutum aiki, ku san ƙarfinsa, ku san inda shi ma yake sayen kayansa, ku sanar da shi bukatunku da wuri, ku biya shi a kan lokaci, sannan ku tanadi wanda zai maye gurbinsa in larura ta taso.